Malam Manu da Ƙwaron Gashin Zakara

Malam Manu mai ɗinkin hula ne a wani ɗan ƙauye da ke bakin kogi, can gefen Zandam. Ni kuwa a lokacin ina da 'yar bas, ina jigila tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, ran da na samu lodi in zarce Kano. A shekarar da aka yanko mana Jigawa daga Kano kasuwar hula ta buɗe, domin duk wanda aka ba wa kujera a sabuwar jiha, ko ta masinja ce, sai ya sake hula. Na duba na ga masu ɗinki suna ƙauye, masu saye suna birni, ni kuma ga mota. Sai na fara karɓar huluna ina kaiwa. Mutum tara nake karɓa a hannunsu. Takwas suna ba ni hula huɗu-huɗu a wata. Malam Manu biyu yake bayarwa, amma in na kwance ƙunshi tasa ake fara ɗauka.

Abin ya dame ni. Wata rana da kaka, bayan na sauke fasinja, na karya kan mota na nufi gidansa don in ji abin da ke cinye masa rabin aikinsa. Na yi sallama, matarsa Zahara'u ta amsa daga bayan danga.

"Ai yana kogi," in ji ta.

"Wanka?"

"Ina fa wanka! Kifi. Ka bi ta gonar dawa, in ka hangi mutum tsaye cikin ruwa kamar yana korar ƙuda da doguwar sanda, shi ne."

Shi Malam Manu ba ɗan masunta ba ne. A ruga aka haife shi, ya tashi da sanda a kafaɗa yana bin shanun mahaifinsa, kuma a gidansu kifi ba abinci ba ne, ko ƙarninsa ba a so a kusa da ƙwaryar nono. Yana magidanci, da 'ya'ya biyu, ciwon bushiya ya shigo ƙasar ya share garken. Shanu uku suka tsira. Ya bar wa ƙanensa su, ya tafi Birnin Kudu ya zauna a zauren wani dattijo ya koyi ɗinkin hula, da yake dama hannunsa ya saba da tufka da saƙa. Da ya iya sai ya komo, ya nemi gona a bakin kogi, ya kafa gida. Da damina noma, da rani allura.

Gidan da ya saba da nono da man shanu sai ga shi miya ba ta da ko maiƙo. Wannan ne ya kai shi kogi. Ba shi da ragar jifa ta birgi, ba shi da ragar koma, kuma kunya ba za ta bar shi ya je ya roƙi masunta su koya masa ba. Abin da yake da shi kawai shi ne abin da idonsa ya gani shekara da shekaru yana shayar da shanu da yamma. In damina ta ja baya, ruwa ya kwanta ya yi garau, akwai wani ɗan farin ƙwaro da ke fitowa daga cikin kogin da la'asar sakaliya, fukafukansa a tsaye, da 'yar jela siririya. Sai ya ɗan zauna a kan ruwa kafin ya tashi. A nan kifin da ake kira kawara ke tasowa ta cafke shi. Masunta sun san ƙwaron, amma ba wanda ya damu ya raɗa masa suna. Malam Manu ya fara da kama ƙwaron yana soka shi a ƙugiya, sai ya ga ko taɓa shi aka yi dagargajewa yake yi. Shi ne ya ce wa kansa, wanda ke fitar da fure a jikin hula ai ba zai kasa ɗinka ƙwaro ba.

Ranar da na same shi, ya ɗaga mini hannu alamar kada in yi magana, ya nuna mini yashi. Na zauna ina kallo. Sandar gora ce doguwa, ta kai tsawon mutum biyu. Igiyar kuwa da gashin wutsiyar bijimi ya tufka ta, mai kauri daga wajen sanda, tana sirancewa har ta koma sili uku a ƙarshe, ya goga mata kakin zuma don ta riƙa yawo a saman ruwa. Babu dalma, babu tana, babu komai na ci. Sai ya kaɗa sandar baya, ya ɗan dakata, ya miƙo ta gaba, igiyar ta warware a iska, abin da ke bakinta ya sauka a kan ruwa a hankali kamar an ajiye shi da hannu. Ruwa ya tafi da shi. In ya wuce ba abin da ya faru sai ya ɗaga ya sake.

Ni ba na iya zama ban ƙirga abu ba. Jifa talatin da ɗaya ya yi a gabana. Sau goma sha biyu kifi ya taso, bakwai suka kamu, biyu daga ciki ya mayar ruwa wai sun yi ƙanana. Da ya fito na ce ya nuna mini abin. Ya ɗora mini a tafin hannu. Ƙugiya ce 'yar mitsitsiya, ya naɗe jikinta da zare, ya ɗaura mata sili biyu a matsayin jela, sannan ya ɗauki gashin wuyan farin zakara ya kewaya shi a wuyanta har ya tashi tsaye kamar ƙaya. Wannan gashin ne ke riƙe ta a saman ruwa. Kan kuma ya ƙulle shi da jan zare, ragowar na ɗinkin hula.

"Malam Manu," na ce, "ka san abin da ke hannunka kuwa? Zakara ɗaya ƙwaro nawa zai bayar?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba, direba."

"To ni zan ƙirga. Ka ɗinka mini ɗari, in baza su ran kasuwar Gwaram."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wa zai saya? Wanda ke da birgi jifa ɗaya zai yi ya kwashi abin da nake kamawa a mako. Ni dai bar ni da na miya."

"To hulunan fa?"

"Su ma suna zuwa. Ido ne, in ya gaji da allura sai na kawo shi ya kalli ruwa."

Ban ƙara yi masa maganar yawan hula ba, sai dai duk ran da hanya ta biyo da ni da yamma nakan tsaya in yi kallo.

A kaka ta biyu ne magana ta tashi. Wata rana iska ta kwashi igiyarsa ta maƙala ƙwaron a reshen wani ɓaure, ya ja, silin ya tsinke. Reshen ya yi nisa, magariba ta gabato, sai ya bar shi ya tafi. Ɓauren nan kuwa a kan mashayar da mata ke wanki yake. Washegari Tani, matar wani masunci da ake kira Sada, ta ɗaga kai ta ga abu yana lilo a saman inda take wanke kayan 'ya'yanta: gashin farin zakara, an ƙulle da jan zare, da ƙarfe a ciki. Ta saki ƙwarya ta yi salati. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san inda ake cewa a kawo farin zakara da jan zare, kuma ba a masallaci ba ne.

Aka yi rashin sa'a a shekarar kamu ya yi wa masunta ƙaranci. Sada kansa sai ya wuni yana jifan birgi ya koma da abin da bai rufe gindin ƙwarya ba. Nan da nan aka haɗa wannan da wancan. Mutumin da kakanninsa ba su san kifi ba, yana kamawa da ƙugiyar da ba abinci a jikinta, kuma shi kaɗai yake zuwa, ba ya son a yi magana kusa da shi. Aka ce ya kira kifin kogin ne gaba ɗaya ya tara a gurbin da yake tsayawa. Mata suka daina aiko wa Zahara'u aron turmi. A masallaci wani ya matsa daga kusa da shi a sahu. Daga ƙarshe Sarkin Ruwa Haladu, dattijon da ke riƙe da al'amarin kogi a ƙauyen, ya aiko cewa kada Malam Manu ya ƙara sa ƙafa a ruwa sai an zauna.

Na sami Malam Manu a ƙofar gida da hula a hannu, allura a soke, ba ya ɗinki.

"An ce ni boka ne, Rilwanu," ya ce da ni. "In Sarki ya hana ni kogi a kan wannan magana, to ta tabbata ke nan. Jikokina ma da ita za a kira su."

"Ai abin mai sauƙi ne. Ka ɗinka a gabansu, ka jefa a gabansu. Ido ya gani."

Haka aka shirya. Sarkin Ruwa ya ce a haɗu a bakin kogi ran Laraba da hantsi, lokacin da masunta suka dawo daga duba tarkunansu. Ina wurin aka kawo saƙon. Na ga Malam Manu ya buɗe baki, ya sake rufewa, ya ce wa ɗan aiken, "Allah ya kai mu." Ni ma ban kawo komai a raina ba.

Ran Laraba na ajiye mota na zo. Na ƙirga mutum arba'in da uku a kan yashi, ban da yara, don su ba sa tsayawa wuri ɗaya. Sarkin Ruwa ya zo da nasa farin zakaran a hammata, ya ce da gashin wannan za a yi, kuma ya zaro zare daga bakin rigarsa. Malam Manu ya zauna a tabarma, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya fizgi gashi ɗaya daga wuyan zakaran, ya riƙe ƙugiya da yatsu biyu ya shiga naɗi. Mutane suka yi masa rumfa.

"Ku duba bakinsa, ko yana motsi," in ji wani.

"Yana motsi mana, zare yake gutsurewa!"

"Kai Manu, nonon ne ya ƙare kuka koma tatsar kogi?"

"Shanunku na ruwa ai ba sa harbi," ya amsa, bai ɗago ba. Aka yi dariya, har da Sada, sannan ya tuna ya tsuke fuska.

Ya gama, ya shiga ruwa. Rana ta fara zafi, yara suna ta tsalle a gefen gurbin, mutane suna surutu, inuwarsu duk ta faɗa kan ruwa. Ko ƙwaro ɗaya babu a sama. Ya jefa, ya ɗaga, ya jefa. Na kai sittin da huɗu a ƙirga, ko ƙyallin kifi ba a gani ba. Ya fito ruwa na ɗiga daga wandonsa, ya tsaya kansa a ƙasa.

"Kun gani ko?" in ji Sada. "Da ya ga idon jama'a sai ya ɗaure bakin abinsa. Da a ce gashin ne ke kamawa, me ya hana shi yau? Akwai abin da yake faɗa in yana shi kaɗai."

Wasu suka ce haka ne. Sarkin Ruwa ya miƙa hannu. Ya karɓi ƙwaron ya jujjuya, ya ƙulle shi a bakin rawaninsa, ya sallami jama'a ya ce za su ji daga gare shi. Da wuri ya yi sauƙi sai ya kira Malam Manu gefe, ni ma na matsa.

"Manu, wane lokaci kake zuwa kogin nan?"

"La'asar sakaliya, ranka ya daɗe. Sai ƙwaron ya fito suke tasowa."

"Da hantsi fa?"

"Ko sau ɗaya ban taɓa kamawa da hantsi ba."

"To me ya hana ka faɗa tun da aka aiko maka?"

"Kai ka sa lokaci, ranka ya daɗe. Ba zan ce wa babba lokacinsa bai yi ba."

Dattijon ya riƙe haɓa ya dube shi. "Ikon Allah. Ku da kunyarku, wata rana sai ta sa an ɗaure ku. Ka tsaya ka yi jifa tun hantsi har rana ta take, ka san ba abin da zai zo?"

"Na ce ko Allah zai kawo wani mai yunwa."

Sarkin Ruwa ya ce mu dawo bayan la'asar, mu huɗu kawai: shi, da Sada, da Malam Manu, da ni a matsayin baƙon da ba shi da birgi ba shi da dangi a garin. Ƙwaron kuma zai wuni a rawaninsa, kada a ce an tofa masa wani abu. Sannan ba Manu ne zai riƙe sanda ba, Sada ne.

Da yamma kogin ya zama wani daban. Ba kowa sai mu, iska ta kwanta, inuwar ɓaure ta rufe rabin gurbin. Sarki ya kwance ƙwaron da hannunsa ya ɗaura a igiya, ya umarci Malam Manu ya zauna can kan yashi, kada ya taɓa sanda, kada ya taɓa ruwa. Sada ya naɗe wando ya shiga. Hannun da ya saba wurga birgi ne, jifan farko ya maka igiyar a ruwa kamar bulala. Na biyu ta naɗe masa a wuya.

"A hankali, Sada," in ji Malam Manu daga inda yake. "Ba jaki kake kora ba. Kai ta baya, ka jira ta miƙe, sannan ka kawo."

"Ni za ka koya wa ruwa?"

"Ruwa naka ne. Sandar ce tawa."

Muna cikin haka ƙwaron ya fara fitowa. Ɗaya, biyu, sannan na kasa ƙirgawa, sai ka ce ana sheƙar farin ƙaiƙayi a kan kogin. Ruwan ya fara yin zobe nan da can, kana jin ɗan ƙarar bakin kifi, cap, cap. Sarkin Ruwa ya tsuguna a bakin ruwa, ya sa hannu ya ɗebo ƙwaro ɗaya na gaske, ya daɗe yana dubansa a tafinsa.

A jifa na goma sha tara ƙwaron zaren ya sauka daidai. Kawara ta taso, Sada ya fizga da ƙarfi har ya kusa faɗuwa ta baya, ƙugiya ta fito fayau.

"Ɗagawa ake yi, ba fizga ba," in ji Malam Manu.

"Yi mini shiru, na gani!"

Ya kuskure ta biyu, ya kuskure ta uku. Yanzu ya manta da mu gaba ɗaya, ya ɗan duƙa, harshe a waje, yana bin ƙwaron da ido. A ta huɗu ya ɗaga a hankali, gorar ta lanƙwasa, kifin ya yi tsalle yana ƙyalli. Ya jawo shi har hannu. Kawara ce da ba ta wuce tsawon tafin hannu ba. Sada ya dube ta, ya dubi sandar, ya goge zufa.

"Yanzu duk wannan wahalar a kan wannan? Manu, wannan ai ba asiri ba ne, rashin aikin yi ne."

"Miƙo sandar tunda ka gaji."

"Tsaya tukuna, akwai wata babba can gindin saiwa."

Sai da Sarkin Ruwa ya yi masa magana sau biyu cewa magariba ta yi sannan ya fito.

Ran Juma'a bayan an sauko, Sarkin Ruwa ya tsayar da jama'a a ƙofar masallaci. Ya ce ya gani da idonsa, da gashin zakaransa da zaren rigarsa, kuma a hannun Sada kifin ya kamu, ga Sada nan a tambaye shi. Ya ce ƙarancin kamu na bana ruwa ne ya janye da wuri, kifi ya shige ƙarƙashin saiwoyi inda birgi ba ya sauka. Manu ya koma kogi, kuma kada ya ƙara jin an kira shi da sunan da ba nasa ba. Amma ya sa sharaɗi ɗaya. Ba gashin farin zakara, ba jan zare.

"Ba kullum zan riƙa tara mutane ina nuna musu ba," in ji shi. "Baƙo zai zo wucewa, ko amaryar da aka kawo daga wani gari, su ga abin nan a bakin ruwa, magana ta sake tashi. Ka nemi wani abin."

Malam Manu ya ce ya ji ya karɓa. A hanya na ce masa ai an rage masa ƙarfi, tunda ƙwaron gasken fari ne. Ya ce ya sani, amma ya fi son ya kama kaɗan ya yi salla a sahu ba wanda ya matsa.

Sauran kakar nan bai kama abin kirki ba. Ya gwada gashin zabo, kifi ya taso ya duba ya juya. Ya gwada na kurciya, ya jiƙe ya nutse. Na kawo masa gashin agwagwa daga Birnin Kudu, da na tantabara, kala shida na tara masa a takarda, duk ba wanda ya yi. Sai a kaka ta gaba ya dace, yana gyaran matashin kai ya ga yadda audugar rimi ke ƙin shan ruwa. Ya murɗa 'yar kaɗan ya yi fukafukai da ita, ya kewaya gashin kaza ruwan toka a wuya, ya ƙulle da zare ruwan ƙasa. Tana yawo a kan ruwa yadda ake so, illarta ɗaya, kifi ɗaya in ya cafka ta lalace, sai an sake wata. Don haka yanzu da 'yar gwangwani yake zuwa kogi, da guda biyar ko shida a ciki, in sun ƙare ya naɗe igiya.

Ranar da na fara ganin sabon ƙwaron a ruwa, matan mashaya suna wanki can ƙasa, ɗaya ta ɗaga murya ta ce, "Sannu da aiki, Malam!" Ya ɗaga mata hannu bai juyo ba, don akwai kifin da yake fako. Uku ya kama ranar. Ya soke su a tsinke, ya ce in biyo shi gida, Zahara'u ta ɗora tuwon dawa.